Yadda za ka bi sawun sojan sama da ya mutu a jirgin bam lokacin yaƙin duniya na biyu

To idan kana da wani kaka ko kawu da ya mutu a rundunar jiragen bam ta Birtaniya, ko kawai ka ci karo da sunan wani ya tsaya maka a rai kana so ka san ko waye shi, abu na farko ka nemo lambarsa ta soja. Suna kaɗai zai ba ka wahala wallahi, don rundunar nan da ake ce ma Bomber Command ta rasa mutum 55,573 cikin kusan 125,000 da suka hau jiragenta, ka ga masu suna iri ɗaya ba za su ƙirgu ba. Ka shiga shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth wato CWGC, kyauta ne, nan za ka ga lambar, muƙaminsa, ranar da ya mutu, inda aka binne shi, wani lokaci har shekarunsa da sunan iyayensa. Yawancinsu yara ne fa, daga 19 zuwa ashirin da 'yan kai.

Amma ka kula da ranar nan. Da dare suke tashi su kwana a sama, shi ya sa ake rubuta farmaki da rana biyu, kamar na birnin Nuremberg a Jamus na daren 30 zuwa 31 ga Maris 1944, to in ka ga wata takarda ta ce 30 wata ta ce 31 kar ka rikice, dare ɗaya ne.

Daga nan sai ka nemi lambar sikwadiron ɗinsa, wato rukunin jiragen da yake ciki, ka wuce kundin adana takardu na ƙasa da ke Kew a Landan, jerin da ake kira AIR 27, da yawa an ɗora su a intanet. Fom mai lamba 541 shi ne wanda kake nema, a ciki akwai lambar jirgin, sunan kowa da ke ciki, ƙarfe nawa suka tashi, ƙarfe nawa suka sauka. Ranar ƙarshe za ka tarar gurbin lokacin sauka fayau ba komai, sai ɗan layi ɗaya na tafireta cewa tun tashinsu ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Ka koma baya ka karanta fitar da suka yi kafin nan, ka ƙirga, don sai an cika fita 30 ake hutar da mutum, wani a ta farko ya tafi wani kuma saura biyu uku ya cika.

Nan ne nake ganin mutane ke kuskure, sai su ɗauki nasu shi kaɗai su bar sauran. Jirgin Lancaster, ɗaya daga cikin manyan jiragen rundunar, mutum bakwai yake ɗauka, matuƙi, mai duba taswira, injiniya, mai saitin bam, mai oba-oba, da masu bindiga biyu ɗaya a sama ɗaya can wutsiya shi kaɗai cikin sanyi. Kuma galibi su suka zaɓi junansu, a makarantar horo ake tara su cikin rumfar jirgi a ce kowa ya nemi abokan tafiya, ɗan Kanada da ɗan Ostareliya da ɗan Ingila su haɗu a jirgi ɗaya. Saboda haka ka rubuta duka bakwai ɗin. In akwai ɗan Kanada ko Ostareliya a cikinsu ma ka yi sa'a, kundin ƙasashen nan biyu na buɗe fayil ɗin mamatansu, kuma abin da aka rubuta kan faɗuwar jirgin ya shafi naka shi ma.

Wajen ziyara kuma ya danganta. Wanda aka samu gawarsa yana iya kasancewa a maƙabarta irin ta Reichswald ko Rheinberg a Jamus, ko wani ƙaramin ƙauye a Holan ko Faransa, in ka ga duwatsun kabari an matse su kusa da juna to ba a iya rarrabe gawarwakin ba ne aka haɗa su. Wanda ba shi da kabari, sunansa na bangon tunawa na Runnymede a Ingila da aka buɗe a 1953, sunaye sama da 20,000. Akwai kuma cibiyar tunawa da su a garin Lincoln na Ingila mai bangayen sunaye, tana karɓar hotuna da wasiƙu daga iyalai.

In za ka rubuta tarihinsa kar ka tsallake inda bam ɗin ya sauka. Farar hula dubbai sun mutu a Hamburg a 1943 da Dresden a 1945, taƙaddamar da ake yi kan wannan na cikin abin da ya sa sai 2012 aka buɗe wa sojojin rundunar wurin tunawa a Green Park da ke Landan. Ka faɗi garin da aka tura shi daren, ka faɗi shekarunsa. Ni da zan zaɓi rana, maimakon 11 ga Nuwamba da ake tunawa da duk mamatan yaƙi, daren da jirginsu bai dawo ba zan ɗauka, in karanta sunayen bakwai ɗin daga matuƙi har na wutsiya.