Kafin ku buga hoton tauraron ɗan'adam na bango

Jama'a, mai son rataya hoton Katsina daga sama a falo, kada ya ɗauko shi daga fuskar waya, dushewa zai yi in an faɗaɗa. Hotunan da taurarin ɗan'adam na Landsat na Amurka ke ɗauka kyauta ne, sai dai kowane ɗigo mita 30 ne a ƙasa, na taurarin Sentinel-2 na Turai kuwa mita 10. Hasumiyar Gobarau ba za ta fito ba ke nan. Ku zaɓi wuri mai faɗi, kamar Dam ɗin Zobe a ƙarshen damina. Ruwan da koren gonakin suna fitowa tas in an sa hoton a bayan akirilik, wato robar nan mai kama da gilas.

Sai ƙurar hunturu. Busasshen tsumma yana karce akirilik, a jiƙa mai laushi da ruwa kawai, ban da maganin goge gilas. A kuma guji bangon da rana ke duka.