Yadda za ku riƙe rijiyar burtsatsen unguwa kada ta mutu a hannunku

A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, zaga unguwanni ka gani: tanki a sama, famfo a bushe, allon sunan wanda ya gina rijiyar kuwa yana nan daram. Sau da yawa ruwan yana nan a ƙasa. Samo ne, wato injin da ke turo ruwan sama, ya ƙone, kowa ya zauna jiran wani ya gyara. Ni ne ma'ajin kwamitin rijiyar layinmu a Mabera, ga yadda muke yi.

Ku fara da rubuta masu rijiya, gida-gida, a littafi, a gaban mai unguwa da liman. A zaman farko wani zai ce ai hadisi ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Haka ne, shi ya sa ba a hana baƙo ko almajiri sha da alwala. Amma ku tuna masa cewa rijiyar Ruma ta Madina ma sai da Sayyidina Usman ya sa kuɗinsa ya saye ta kafin ta zama wakafi. Bututu da samo da ladan mai gyara duk kuɗi ne.

Kowane gida ya riƙa ba da abin da aka yanke duk wata, a ɗauke wa gidajen marayu. 'Yan ga-ruwa su biya a kan kowace kura, tunda sayarwa za su yi. Mai makulli daban, ma'aji daban, kuɗi kuma a banki da sa hannun mutum biyu. Ni kaina ba na yarda su kwana a aljihuna, don ranar suna ko rashin lafiya shaiɗan ba ya nisa.

Kafin ku yanke lokacin buɗewa, a tambayi matan gida. Su suka san sa'ar da randa ke ƙarewa. Mu maza mukan zauna ƙofar masallaci mu tsara abin da ba mu taɓa ɗauka a ka ba.

Wurin hukunci ne aka fi ɓatawa. Ko dai a yi ta kawaici har abin ya lalace, ko a wuce ofishin 'yan sanda kan jarka ɗaya. Elinor Ostrom, 'yar Amurka da ta zama mace ta farko da ta ci kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta bi diddigin makiyaya da masunta da manoman rani a ƙasashe daban-daban. Ta gano cewa dukiyar jama'a tana ɗorewa inda masu amfani da ita suka tsara dokarsu, suke sa ido da kansu, hukunci kuma yana hawa kaɗan-kaɗan. Mu ma haka: nasiha a keɓe, sai tara, sai hana ɗiba na mako guda. Da wuya a kai na ukun.

Da hunturu ƙura kan rufe farantan sola, a sa yaro ya goge da sassafe kafin su yi zafi. Kada a bar samo yana juyawa babu ruwa. Masai ya yi nisan mita 30 aƙalla daga rijiya.

Zauren WhatsApp na unguwa ma kayan kowa ne, kuma ya fi rijiya saurin gurɓata. Da an fara tura tallan 'yan siyasa da muryoyin maganin basir, masu hankali sai su rufe sauti, ranar da ka nemi kuɗin gyara ba mai gani. Namu na rijiya ne kaɗai. Ƙarshen wata ina ɗaukar hoton shafin littafi da rasit na tura. Dattawan da ba su da babbar waya kuwa, liman ke karanta musu lissafin bayan sallar Magariba.