Kurakuran Da Ake Yi Wajen Auna Sukarin Aisin Da Kofi

Yawancin tsarin haɗa kek da giram yake zuwa, amma kicin da yawa a Jos kofi da cokali ne kawai a hannu, babu sikeli. A nan ake samun aisin (haɗin garin sukari da bota da ake shafa wa kek) da ya tsinke yana zuba a gefen kek, ko wanda ya yi tauri ya ƙi shafuwa.

Babban kuskure shi ne auna sukarin aisin da lissafin sukari mai tsaba. Kofin awo na mililita 240 yana ɗaukar giram 200 na mai tsaba, amma na aisin kimanin giram 120 kacal, domin gari ne mai laushi da iska a tsakaninsa. Idan an ce giram 500, kofi 4 ne da cokali 2 zuwa 3. Wadda ta yi lissafin mai tsaba za ta zuba kofi biyu da rabi, wato giram 300, aisin ya fito ruwa-ruwa. Giram 250 kofi 2 ne da cokali ɗaya. Babban cokalin awo na mililita 15 kusan giram 8 yake ɗauka.

Yadda ake cika kofin ma yana canza komai. Idan kika cusa kofin cikin leda kika kwaso, ko kika bubbuga shi a kan tebur, garin zai danne kamar mudun da aka girgiza, nauyin ya haura giram 140. A kofi huɗu kin ƙara giram 80 ba ki sani ba. Ki fara motsa garin da cokali ya saki, ki riƙa zubawa cikin kofin har ya yi tozo, sannan ki share saman da bayan wuƙa. Kada ki danna.

Sai tankaɗe. Wanda aka tankaɗe ya fi shan iska, kofinsa wajen giram 100 ne. Saboda haka ki tsaya a hanya ɗaya: ki auna tukuna da lissafin 120, daga baya ki tankaɗe. Idan kuma kin riga kin tankaɗe, giram 500 ya koma kofi 5. Da damina, musamman a watan Agusta da laima ke yawa a Jos, garin yana dunƙulewa duk da ɗan sitacin masara da masana'anta ke sa masa. Irin wannan kam sai an murƙushe shi a rariya kafin awo, a auna shi da lissafin tankaɗaɗɗe, domin ƙulallai suna barin gurbi a kofi, kuma suna toshe bakin abin zanen kek.

Gwangwanin madara ba kofi ba ne, ko da a kasuwar Taminus ana awo da shi. Ƙaramin bai wuce kashi biyu cikin uku na kofi ba, wato wajen giram 80. Kofin shayi kuwa kowanne da girmansa.

Masu niƙa sukari a bilenda su auna mai tsabar kafin niƙa. Kofi ɗaya giram 200 ne kuma haka zai tsaya, sai dai ya kumbura ya wuce kofi ɗaya da rabi.

Wani abu da ake ɗora wa awo alhali ba laifinsa ba ne: da hunturu bota tana sandarewa a sanyin Jos, haɗin ya yi tauri, a yi ta ƙara ruwa. Ki bar botar ta yi laushi tukuna. Giram 250 na bota yana tafiya da giram 500 na sukarin aisin. Idan duk da haka ya yi tauri, ki ƙara madara ƙaramin cokali ɗaya-ɗaya kina bugawa. Idan ya tsinke, ki ƙara tankaɗaɗɗen sukari babban cokali biyu-biyu har ya tsaya a jikin cokali ba ya zuba.