Yadda ake miyar kontomire da wake ba tare da manja ya yi iyo a kai ba

A unguwarmu ta Nima da ke Accra na ga mata da yawa sun rage mai a miya bayan likita ya ce jinin maigida ko na Hajiya ya hau. Ranar farko miya ta fito salam, yara suka ture kwano, washegari aka koma wa ludayin manja. Ni ma haka na fara. Daga baya na gane yawancin daɗin da muke jingina wa mai daga albasa yake fitowa, idan ta yi ja sosai.

Ki tanadi kontomire, wato ganyen gwaza, ɗauri 2, wake gwangwani 1, manyan albasa 3, tumatir 5, kpakpo shito, wato ƙananan barkono masu yaji, tafarnuwa, citta da daddawa. Jiƙa waken tun dare, ki dafa shi ya yi luguf. Ni ba na sa kanwa, jiƙon ya wadatar. Kada ki zubar da ruwan dahuwar, da shi za mu yi aiki.

To 'yar'uwa, ga inda ake faɗuwa. Ɗora tukunya mai kaurin gindi a wuta matsakaiciya, ki zuba albasar da kika yanka siri-siri da ɗan gishiri, babu mai, babu ruwa. Masu koyo suna jin tsoro su antaya ruwa tun farko, sai albasa ta dahu fara fat, ƙamshi bai tashi ba. Ki yi haƙuri. Gishirin zai jawo ruwan jikinta, ta yi laushi, sannan gindin tukunya ya fara yin ja. A nan ne za ki zuba ruwan wake cokali 2, ki kankare jan nan da muciya ya koma jikin albasar. Bar shi ya tsotse, ya sake kamawa, ki sake zubawa. Sau huɗu ko biyar, kamar minti 15. Launin da ake nema shi ne na zuma mai duhu. In ya yi baƙi, zubar ki sake, domin ɗacin ba ya fita. Na taɓa barin tukunya na je amsa sallama a ƙofa, na dawo na tarar da gawayi, ranar gari muka sha. Mai girki a murhun gawayi ta rage garwashi kafin ta fara, wutarsa ta fi ƙarfin wannan aikin.

Daka daddawa da tafarnuwa da citta, ki juya su cikin albasar minti ɗaya. Tumatir da shito kuwa gasa su nake yi a kan garwashi kafin in niƙa a asanka, wato kaskon ƙasa na niƙa kayan miya, kuma ban yarda a tsallake wannan ba. Zuba, ki bari tsamin ya mutu.

Maimakon agushi, wanda kusan rabinsa mai ne, ki murje kashi ɗaya cikin uku na waken ki zuba. Shi zai ba miyar kauri, ga shi ya fi sauƙi a aljihu. Sauran waken ya bi baya, sai yankakken kontomire. Ba shi minti 10 zuwa 15, don in bai dahu ba yana ƙaiƙayin maƙogwaro.

Da kin sauke, ki ɗiga manja ƙaramin cokalin shayi ɗaya saboda launi da ƙamshi. Babban cokali ɗaya na kowane mai kalori kusan 120 ne, ki lissafa nawa ke cikin ludayi. Dunƙulen magi ma ki bar shi, daddawa ta yi aikinsa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a rana. A ci da dafaffiyar doya ko dafaffiyar agada.