Yadda ake haɗa faya-fayan sabar da tsarin RAID don kada shafi ya tsaya idan faifai ya mutu

Faifan ajiya ba ya dawwama, ko mai juyawa ne ko SSD, kuma sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet, tana karatu da rubutu a kansa dare da rana. Idan faifai ɗaya ne a cikinta, ranar da ya mutu shafuka da imel da rumbun bayanai za su tafi tare da shi. Maganin wannan matsala shi ne RAID, tsarin da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fayyace a wata takarda a shekarar 1988, inda ake haɗa faya-fayai da yawa su yi aiki kamar guda ɗaya. Abin da tsarin ke ba ka shi ne lokacin da za ka canza faifan da ya mutu ba tare da shafi ya tsaya ba, kuma matakan da ke tafe an jera su ne don a ci moriyar wannan lokacin.

Mataki na farko shi ne zaɓen nau'in da ya dace da aikin. RAID 0 yana ƙara sauri amma ba ya kare komai, domin mutuwar faifai ɗaya takan rusa duka, saboda haka a ajiye shi gefe. RAID 1 yana rubuta abu ɗaya a kan faifai biyu, kuma ya wadatar da ƙaramar sabar. RAID 5 yana buƙatar aƙalla faifai uku, yana jure mutuwar ɗaya. RAID 6 yana buƙatar huɗu, yana jure mutuwar biyu. RAID 10 kuwa yana haɗa faya-fayai bibbiyu, kowanne da tagwayensa, sannan ya rarraba bayanai a tsakaninsu. Idan kana da faifai huɗu masu terabait 4 kowanne, RAID 5 zai ba ka terabait 12, RAID 6 da RAID 10 kuma terabait 8.

Wannan ƙarin fili yakan ja hankalin mutane zuwa RAID 5, amma a ganina bai dace da manyan faya-fayai ba. Idan faifai ɗaya ya mutu aka sa sabo, dole a karanta duk abin da ke kan sauran daga farko har ƙarshe kafin a cika sabon, aikin da kan ɗauki sa'o'i masu yawa, wani lokaci fiye da kwana ɗaya, kuma a tsawon wannan lokaci babu sauran kariya. Masu ƙera faya-fayai na yau da kullum sukan rubuta cewa ana iya samun kuskuren karatu ɗaya a cikin kusan terabait 12.5, adadin da ya yi kusa da abin da za a karanta a misalin da ya gabata. Ga kuma nauyin rubutu: kowane ƙaramin sauyi a RAID 5 yana buƙatar karatu biyu da rubutu biyu, abin da ke rage saurin rumbun bayanai irin MySQL. Don haka ga sabar mai shafuka da yawa na fi son RAID 10, sai RAID 6 idan fili ake nema fiye da sauri.

Mataki na biyu, a sayi faya-fayai masu girma ɗaya, amma in da hali kada su fito daga rukunin ƙira ɗaya, domin waɗanda aka ƙera tare kuma suka yi aiki iri ɗaya suna iya gajiya kusan lokaci guda. A rubuta lambar siriyal ta kowanne da ramin da aka sa shi; umarnin lsblk -o NAME,SERIAL zai nuna lambobin.

Mataki na uku shi ne haɗawar kanta. A Linux ana amfani da manhajar mdadm, kuma bayan an ware fili mai girma ɗaya (partition) a kan kowane faifai sai a rubuta umarni irin wannan, wanda misali ne na RAID 1 da faifai biyu:

mdadm --create /dev/md0 --level=1 --raid-devices=2 /dev/sdb1 /dev/sdc1

A tabbatar babu wani abu mai amfani a kansu tukuna, domin za a rubuta a kai. Daga nan sai a zuba sakamakon mdadm --detail --scan a cikin fayil ɗin mdadm.conf, a Debian da Ubuntu kuma a bi shi da update-initramfs -u, don na'ura ta gane haɗin idan an sake kunna ta. Idan tsarin aiki ma a kan haɗin yake, a girka GRUB, manhajar da ke tayar da tsarin aiki idan an kunna na'ura, a kan kowane faifai, in ba haka ba bayanai za su tsira amma sabar ta kasa tashi.

Mataki na huɗu shi ne wanda aka fi sakaci da shi, wato faɗakarwa. Tun da shafi ba ya tsayawa idan faifai ɗaya ya mutu, babu abin da zai sanar da kai sai ka shirya shi da kanka, kuma sabar tana iya yin watanni a kan faifai ɗaya har ranar da shi ma zai bi ɗan'uwansa. Idan ka buɗe /proc/mdstat ka ga [UU], duka biyun suna aiki; idan ka ga [U_], ɗaya ya fita. Ka sa adireshin imel ɗinka a layin MAILADDR na mdadm.conf, sannan ka gwada da mdadm --monitor --scan --test --oneshot, kada ka tashi sai saƙon ya shigo akwatinka. Ka girka smartmontools ma, manhajar da ke lura da lafiyar faifai, domin yawan lalatattun sassan da faifai ke sauya wa wuri alama ce ta cewa ƙarshensa ya kusa.

Mataki na biyar, a gwada mutuwar faifai tun kafin abokan ciniki su hau sabar. A fitar da ɗaya da gangan da mdadm /dev/md0 --fail /dev/sdc1, a cire shi da --remove, a mayar da shi da --add, a kalli yadda yake sake cika. Ranar da abin ya faru da gaske hanyar ke nan, sai dai a duba lambar siriyal sau biyu kafin a zare faifai, domin zare mai lafiyan a bar mataccen kuskure ne da ke iya durƙusar da sabar nan take. Wanda ke nesa da cibiyar da sabar take ya sa ƙarin faifai na ko-ta-kwana, wanda mdadm zai ɗauka da kansa.

Mataki na ƙarshe shi ne kwafin ajiya a wani wuri dabam, domin RAID ba ya maye gurbinsa. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, ko wanda ɓarayin intanet suka kulle don neman kuɗin fansa, yakan lalace a kan duka faya-fayan a lokaci ɗaya. Gobarar da ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen OVH, kamfanin da ke ba da hayar sabar, a Strasbourg ta Faransa a watan Maris na 2021 ta ƙone sabar da duk faya-fayan da ke cikinsu, kuma waɗanda kwafinsu ke wuri ɗaya da sabar sun yi asarar bayanansu. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya daga ciki a wani gini. A tsara kwafin ya riƙa tafiya da kansa kowane dare, kuma lokaci zuwa lokaci a ɗauko shafi ɗaya daga cikinsa a tayar da shi a wata na'ura, a tabbatar yana buɗewa tare da rumbun bayanansa.