Yadda Ake Gano Abin da Ke Shanye Batirin Injin Tura Ruwa

Da yawan masu ƙaramin injin tura ruwa mai bolt 12, a gida ne ko a gona ko a motar da aka yi wa wurin kwana da tanki, da zarar batiri ya fara mutuwa kafin asuba sai su kama hanyar Kano, su je Sabon Gari su sayo sabo. Bayan 'yan watanni shi ma ya bi sahun na farko, domin abin da ya kashe wancan yana nan ba a taɓa shi ba. Kafin ka kashe kuɗinka, nemi mitar gwajin wuta, ko da aro ne daga mai gyaran rediyo, ka bi wannan tsari.

Fara da batirin kansa. Kashe komai, ka cire wayar sola, ka bar shi ya huta kamar awa uku, sannan ka auna. Batirin ruwa mai lafiya da ya cika yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.7. Idan ka ga 12.1 ko 12.2, rabi ya tafi, kuma nan ne ya kamata a tsaya, don yawan zarce wannan iyaka shi ke tsufar da shi da wuri. Idan kuwa ya wuni yana caji amma ya tsaya wajen 10.5, ɗaki ɗaya cikin shida ya mutu, sai canji. Buɗe murafen ka leƙa: in ruwa ya sauka har farantan ciki sun fito, ƙara tataccen ruwan batiri kawai. Ban da ruwan rijiya, ban da ƙarin asid. Zafin Maris zuwa Mayu a Kano da Jigawa yana ƙafar da ruwan batiri da sauri, saboda haka a lokacin bazara ka riƙa dubawa duk bayan mako biyu, kuma kada ka ajiye shi inda rana ke dukansa.

Sai caji. Da tsakar rana, da sola a haɗe, mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.4. A mota ma kusan haka ne in inji na aiki. In bai kai ba, duba faifan sola. Ƙurar hunturu tana rufe shi ta rage masa ƙarfi sosai, tsumma mai laushi da ɗan ruwa da sassafe sun wadatar. Kawunan batiri kuma in sun yi farin gari ko kore, kwance su, ka wanke da ruwan kanwa, ka goge su bushe, ka ɗaure da kyau.

Yanzu mu zo kan injin, wanda aka fi ɗora wa laifi. Irin waɗannan ƙananan injina suna jan amfiya 4 zuwa 7 ne. Batiri mai 100Ah (wato amfiya sau awa, ma'aunin wutar da yake ajiyewa), wanda rabinsa za ka iya amfani da shi, zai ɗauki injin mai amfiya 5 kusan awa goma. To iyali nawa ne ke buɗe famfo awa goma a rana? Ka ga ke nan in injin ne ke shanye batiri, yana aiki ne lokacin da babu mai buƙatar ruwa. Yana da makunni a jikinsa da ke kashe shi idan ruwa ya matse a cikin bututu, ya kuma tayar da shi idan matsin ya ragu. Rufe duk famfunan, ka zauna kusa da shi da dare lokacin da gari ya yi tsit. In ka ji yana tashi yana mutuwa shi kaɗai, akwai yoyo. Bi tiyo da hannu tun daga tanki har bakin famfo, musamman mahaɗa, kana neman danshi. In ba ka samu ba, ruwan yana komawa baya ne ta cikin injin, galibi saboda yashi ya maƙale a bawul ɗinsa. Wannan ya zama ruwan dare ga masu ɗibar ruwa daga tafki ko magudanan noman rani irin na Kura da Kadawa. Kwance kan injin ka wanke, sannan ka sa matata kafin mashigarsa.

In kuma yana ta gurnani ba ya tsayawa sam, ko tanki ya ƙafe, ko yana zuƙar iska ta wata mahaɗa, ko matatar ta toshe. Wannan ne mafi haɗari, dare ɗaya ya isa ya kwantar da batiri.

Kada ka manta da waya. Yayin da injin ke aiki, auna bolt a kan batiri, ka sake aunawa a bakin injin. Bambancin da ya wuce rabin bolt yana nufin wayar ta yi siriri ko ta yi tsawo. Ni ba na yarda da wayar da ta gaza kauri 2.5mm², in da nisa kuwa mai 4mm², da fiyus kusa da batiri.

Idan duk wannan lafiya lau ne, saura ɓarawon ɓoye. Kashe injin da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batiri irin ta gida) tukuna, don kada su ƙona maka mita. Juya mitar zuwa 10A, wato awon amfiya, ka mayar da jar wayarta ramin 10A, ka cire wayar baƙin kan batiri, ka sa mitar a tsakani. Ya kamata ka ga kusan sifiri. Rabin amfiya kaɗai yana cin 12Ah a kwana ɗaya. Riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, ko cire wayoyi, har lambar ta faɗi. Layin da ka cire a lokacin shi ne mai laifin. Sau da yawa cajar waya ce da aka bari a maƙale, ko ƙwan bayan gida. Inbata ma tana cin wuta ko babu abin da aka jona mata, don haka a kashe ta da dare. Shi ma injin ka sa masa makunni na daban kusa da ƙofa, wanda na ƙarshen kwanciya zai kashe.