Yadda ake tsara yini a sansanin yara maza lokacin dogon hutu

Dogon hutun ƙarshen shekarar karatu yana cinye watan Agusta, tsakiyar damina, kuma a lokacin ne makarantu da 'yan Sikawut da ƙungiyoyin agaji sukan kwashi yara maza zuwa sansani na mako ɗaya ko biyu. Duk wanda aka danƙa wa yara hamsin 'yan shekara 10 zuwa 15 zai tarar samo tanti da tukwane shi ne mai sauƙi. Aikin yana cikin sa'o'in da ke tsakanin asuba da isha'i, domin yaron da bai san abin da zai yi nan da rabin sa'a ba shi ne yake tsokano faɗa, ko ya sulale zuwa rafi. Ga yadda za ka tsara yinin.

Da farko, raba su rukuni-rukuni

Tun a daren da suka iso ka kasa su shida-shida ko takwas-takwas, kowane rukuni da sunansa da shugabansa daga cikin yaran. Dabarar ta daɗe. A watan Agustan 1907 wani hafsan sojan Birtaniya mai suna Baden-Powell ya kai yara 20 tsibirin Brownsea a kudancin Ingila, ya raba su gida huɗu, ya ba kowane gida sunan dabba ko tsuntsu, ya ɗora yaro ɗaya a kan kowanne. Daga wannan sansani harkar Sikawut ta samo asali, ta iso Najeriya a 1915. Amfanin abin shi ne ka daina magana da yara hamsin, ka koma magana da shugabanni bakwai. Kada ka tara 'yan unguwa ɗaya a rukuni ɗaya, kuma kada ka naɗa wanda ya fi kowa ƙarfi. Nemi wanda ƙananan suke zuwa wurinsa in takalminsu ya ɓace.

Sai ka kafa jadawalin a kan lokutan salla, ka ƙirga barci

A Kano da kewayenta cikin Agusta alfijir yana ketowa wajen ƙarfe 5, magariba tana faɗuwa kafin 7, isha'i wajen 8. In an kwanta ƙarfe 9 aka tashi 5, yaro ya samu sa'a takwas ke nan. Likitocin barci kuwa suna cewa ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar sa'a 9 zuwa 12, matashi kuma 8 zuwa 10. Ka ga akwai giɓi, kuma ba inda za a cike shi sai da ƙailula. Yawancin masu shirya sansani nan suke yin ganganci: su cika rana da lacca, su kai sha ɗayan dare, a rana ta uku yara suna gyangyaɗi a tsaye, wasu suna kuka ba dalili, a ce wai kewar gida ce.

Rubuta jadawalin da manyan baƙaƙe a kwali, ka rataye inda kowa zai gani, kuma kada ka canza shi sai ruwan sama ya tilasta.

Safiya

Usur ɗaya ya isa tashi. Bayan sallar asuba da ɗan karatu, a yi motsa jiki na minti ashirin, sai wanka. Kafin kowa ya zura ƙafa a takalmi ya kife shi ya kakkaɓe, saboda kunama tana son wuri mai ɗumi da duhu. Wajen ƙarfe 7 a karya da koko da ƙosai ko kunun gyaɗa da burodi.

Daga nan sai duba tanti, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan tarbiyyar sansani. A fito da tabarmi da barguna a shanya in akwai rana, a naɗe gidan sauro, a share, kowa ya tsaya a bakin kayansa. Kai kuma ka bi tanti-tanti kana ba da maki. A nan za ka ga shimfiɗar da ta jiƙe da fitsarin kwance. Kada ka ce uffan a gaban 'yan'uwansa. Ka ba da makinka ka wuce, daga baya ka kira yaron gefe, ka ba shi leda ya riƙa shimfiɗawa, ka sa malamin da ke gadin dare ya riƙa tashinsa tsakar dare. In yara suka laƙaba masa suna a kan wannan, har ya girma yana iya binsa.

Ƙarfe 8 a yi fareti, a ɗaga tuta, a ƙirga kai, a faɗi aikin kowane rukuni na ranar: masu ɗebo ruwa, masu taya girki, masu wanke-wanke, masu kula da masai. Aikin ya riƙa zagayawa kullum, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka kowa ya taɓa tsintsiya.

Hantsi: lokacin koyon abin hannu

Daga 9 zuwa 12 ƙwaƙwalwa tana sabuwa, kuma a damina hadari ya fi haɗowa da yamma ko dare, don haka duk abin da ke buƙatar fili a yi shi yanzu. Kasa lokacin gida huɗu, rukunoni suna musayar wuri in an busa usur: ƙulla igiya da kafa tanti, taimakon gaggawa, gane gabas da yamma da karanta taswira, hura wuta da itacen da ya sha raɓa. Bayani kada ya wuce minti goma, sauran duk hannu. A darasin taimakon gaggawa kowane yaro ya haɗa ruwan gishiri da sukari da kansa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wannan kaɗai in ya koma gida da shi, kuɗin sansanin bai tafi a banza ba.

Rana

Azahar, abinci mai nauyi irin shinkafa da wake ko dafa-duka, sai ƙailula ta sa'a ɗaya da rabi. Ko yaro bai yi barci ba, ya kwanta ya yi shiru. Kafin kowane cin abinci a jera a wanke hannu da sabulu, malami yana tsaye. Ruwan sha a tafasa ko a sa masa maganin tsarkake ruwa, masai kuma ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30, domin amai da gudawa yana iya watsa sansani cikin kwana biyu.

Bayan la'asar

Nan ne wurin ƙona ƙarfi: ƙwallo tsakanin rukunoni, langa, jan igiya, tsere. In akwai wurin iyo, a tabbatar da zurfinsa, babba wanda ya iya ruwa ya tsaya a bakin gaɓa, kowane yaro da abokin da ba ya rabuwa da shi, a riƙa busa usur suna ɗaga hannun juna ana ƙirgawa. Kududdufi da rafin da ya kawo a damina kuwa babu mai kusantarsu. Da zarar an ji tsawa a fita daga ruwa da fili, a shiga gini, ba gindin bishiya ba.

Dare

Bayan magariba tuwo, bayan isha'i a kewaye wuta ana gasa ɗanyar masara. Kowane dare rukuni ɗaya ya kawo tatsuniya ko kacici-kacici ko ɗan wasan kwaikwayo, sannan a karanta makin ranar. Shugabannin rukuni su zauna da kai minti goma, ka tambaye su: "Wa bai ci abinci ba yau? Wa jikinsa ya yi zafi?" Yaro mai zazzaɓi a Agusta a kai shi a gwada masa zazzaɓin cizon sauro, kada a tsaya ga farasitamol. Wanda kewar gida ta kama, ba shi aiki a hannu ya fi ba shi waya, domin muryar uwa da dare ƙara masa kuka take yi. Gara a ware lokacin kiran gida da rana.

Ƙarfe 9 a kashe fitilu bayan an sake ƙirga kai an kuma duba kowa ya cusa gefen gidan sauronsa ƙarƙashin shimfiɗa. Malamai biyu su yi gadi da tocila suna karɓa-karɓa da wasu biyu, kuma ka kafa doka tun ranar farko cewa babu babban da zai keɓe da yaro shi kaɗai, ko wane ne shi.